Wa Ya Goge Bat ɗin Hedimasta?

Sufeto ya riga ya kulle durowar teburinsa ya ɗauki hula, sai ga wata mata ta faɗo ofishin tana haki. Takalmin wasa ne a ƙafarta, biro a maƙale a kunne, takarda a dunƙule a hannu. Ƙarfe shida da minti biyar na yammacin Asabar ke nan, kuma tun azahar cikinsa ke tuna masa cewa akwai abinci a gida.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi mana."

"Ku su wa?"

"Kulob ɗin ƙwallon tebur, nan tsallaken titi. Ni ce sakatariya."

Sufeto ya san wurin. Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne da aka shafa wa fenti, inda manya masu furfura ke taruwa suna bin wata 'yar ƙwallo da ko nauyin ƙwan tattabara ba ta kai ba. Bai taɓa leƙawa ba, bai kuma taɓa jin ya yi asarar komai ba.

"Me aka sace?"

"Bat ɗin Hedimasta. Ɗan katakon nan mai roba fuska biyu da ake bugun ƙwallon da shi."

"Katako," in ji Sufeto. "Kin tsallako titi a guje saboda katako."

Sakatariya ba ta ji haushi ba, da alama ta saba. Ta zayyana masa komai ba tare da ta zauna ba. Yau ce ranar gasarsu ta shekara, kowa ya zo da iyalinsa, an yi shayi, an yanka kek. Hedimasta, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya, shi ya kafa kulob ɗin shekara ashirin da biyu da suka wuce. Sau takwas yana kaiwa wasan ƙarshe, sau takwas ana cinye shi. Yau ya kai na tara. An tafi hutun shayi, an dawo, bat ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

"To ku ara masa wani mana."

"Ya ce gara ya buga da tafin hannunsa. Shekara talatin yana riƙe da wannan, har yatsunsa sun yi rami a mariƙin. Kuma dokarmu ita ce, in aka kira wasa mutum bai tsaya a tebur cikin minti talatin ba, an cinye shi. Ƙarfe shida daidai aka kira." Ta dubi idonsa. "Gwiwarsa ba za ta kai shi baɗi ba, ranka ya daɗe. Kowa ya sani, shi ma ya sani."

Sufeto ya dubi agogon bango, ya dubi hularsa. Ya buɗe littafin ƙorafi ya rubuta layi biyu don kada a ce aikin ofis ya zama wasan yara, sannan ya ce ta wuce gaba.

Zauren cike yake da mutane wajen arba'in. Tebura uku an naɗe biyu, an bar ɗaya a tsakiya ƙarƙashin fitila, da kofin gasa a gefe yana ƙyalli. Mata na zaune a benci da faranti a cinya, kowa na magana, ba mai sauraron kowa. Da suka ga kaki sai wurin ya yi tsit, banda wata tsohuwa da ta ci gaba da tauna kek ɗinta hankali kwance.

Kusa da teburin wani siririn dattijo ne mai tabarau, rigarsa a goge sumul, agogon aljihu a buɗe a tafin hannunsa.

"Saura minti ashirin da biyu," ya sanar, ba tare da ya ɗago ba.

"Wannan fa?" Sufeto ya tambaya a hankali.

"Mai Agogo. Gyaran agogo yake yi a kasuwa, shi ke riƙe mana lokaci. Aminin Hedimasta ne."

Hedimasta yana ɗakin canza kaya, zaune a benci, hannu biyu a kan gwiwa. Ƙato ne mai ƙaramin gemu, irin mutanen da ko a zaune suke sai ka ji kana gyara tsayuwarka.

"Baba, sannu. Ina ka ajiye shi?"

"Nan, bakin taga. Inda na saba."

"A cikin jaka?"

"Ni ba na wannan iyayin. Safa nake zura shi ciki." Ya nuna da haɓa.

Safar tana nan a bakin tagar, tsohuwar safa ce ruwan toka, dunduniyarta ta huje. An naɗe ta gida uku, an daidaita bakinta tsaf, an ajiye a inda rana ba ta kai ba.

"Kai ka naɗe ta haka?"

Hedimasta ya yi tsaki. "Ni? Tambayi 'yata ko na taɓa naɗe wani abu a rayuwata."

"Yaya kamannin bat ɗin?"

"Gefe ɗaya ja, gefe ɗaya baƙi. Ko da yake yanzu duka biyun sun ɗan koma kalar ƙasa."

"Datti ke nan," Sakatariya ta sa baki daga ƙofa. "Bai taɓa goge shi ba."

"Tarihi ne, ba datti ba," in ji Hedimasta.

Sufeto ya ɗan tsaya yana kallon safar. Shekara sha tara yana aikin nan, ya ga ɓarayin da suka fasa ƙofa, ya ga waɗanda suka ci abincin masu gida kafin su fita, amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mai kaya safa ba.

"Wa zai amfana in ba ka buga ba?"

"Guguwa. Da shi zan kara. Amma yaron kirki ne, ɗalibina ne a da. Lissafi ne kawai bai iya ba."

Guguwa ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, direban motar ɗaukar marasa lafiya, dogo, kafaɗa a buɗe. Sufeto ya ja shi lungun da ake jingina kujeru.

"Ina kake lokacin shayi?"

"Waje, yallaɓai. Waya nake yi da ƙanena."

"Duk hutun?"

"Duk hutun."

"Ba ni wayar in ga."

Guguwa ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Sakatariya ta ɗaga wata waya daga teburinta, igiyar caji na reto a jiki.

"Tun ƙarfe huɗu take nan," ta ce.

Sufeto ya tsura masa ido. Ya daɗe da gane cewa shiru ya fi tsawa saurin buɗe baki. Guguwa ya yi tsuru-tsuru, ya waiga ya tabbata matarsa ba ta kusa, sannan ya rage murya.

"Yallaɓai, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ina ban ɗaki. Cikina ne ya ɗuri ruwa."

"Kek ɗin ne?"

"Tsoro ne. Mutumin nan shi ya koya mini karatu. In ya kalle ni ta saman raga, ji nake ban yi aikin gida ba. In na ci shi, mutane su tsane ni, in ya ci ni, su yi mini dariya. Amma wallahi ban taɓa kayansa ba. Kofin da aka ba ni don mutum bai zo ba, ina zan kai shi?"

Ban ɗakin bango ɗaya ya raba shi da ɗakin canza kaya, kuma bangon bai kai rufi ba.

"Ka ji wani ya shigo?"

"Na ji. Ban ga ko wane ne ba. Amma ɗan wasa ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Na ji ya yi haa, haa, sannan ƙiii." Guguwa ya ɗaga nasa bat ɗin, ya hura masa hucin baki, ya goge da gefen tafin hannu, robar ta yi 'yar ƙara. "Haka muke yi. Ƙura na kashe roba, ƙwallo ba ta kamawa. Sai dai shi wannan ya daɗe yana yi. Ya fi sau goma."

"Saura minti sha biyar," muryar Mai Agogo ta ratso zauren.

Sufeto ya nufe shi.

"Malam, kai ina kake lokacin hutu?"

"Nan, ina gyara allon maki. Ban motsa ba."

"Ko shayi ba ka sha ba?"

"Ba na shan shayi in ina riƙe da lokaci." Idonsa na kan agogo.

Daga nan Sufeto ya shiga kicin. Ɗan ƙarami ne, da murhun gas, da tanda, da ƙatuwar buta. Mai shayin ita ce tsohuwar nan mai cin kek, kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

"Inna, wa da wa suka zo karɓar shayi?"

"Kowa, ɗan nan. Ni ban bar butata ba ko na minti ɗaya."

"To ba ki ga abin da aka yi a zaure ba ke nan?"

Ta ɗan yi murmushi. "To, na leƙa sau ɗaya. Lokacin jawabi. Ai ba a barin jawabin Hedimasta."

"Me ya ce?"

"Ya ɗaga kofin shayi ya ce ya yi wa 'yarsa alkawari, ranar da ya ci kofin nan zai rataye bat, ya tattara ya koma wurinta da zama. Can nesa take aure, tafiyar yini guda. Ya ce in Allah ya yarda yau ce ranar. Aka yi ta tafi."

"Kowa ya tafa?"

"Ni dai hannuna da buta. Ban ƙirga ba."

Sufeto ya dubi kicin ɗin. Ƙofar waje ɗaya ce a duk ginin, kuma mutane sun cika bakinta tun yamma, don haka bat ɗin bai fita ba. Ya durƙusa ya kama murfin tanda zai buɗe.

Sai ya ji numfashin mutane a bayansa kamar ya taka wa wani ƙafa. 'Yan wasa huɗu ne suka biyo shi, duk fuskarsu a yamutse.

"Haba yallaɓai," in ji wani mai ƙaton ciki. "Wa zai sa bat a tanda? Zafi ai ɓamɓare roba yake."

"Ɓarawo ya damu da wannan?"

"In dai ya taɓa riƙe bat, hannunsa ba zai yarda ba."

Sufeto ya miƙe a hankali, yana karkaɗe gwiwar wando. "To ku gaya mini. Da kai ne, a ce dole ta sa ka ɓoye shi, ina za ka sa?"

Nan fa aka samu abin da ake so. Duk suka ɗauki magana lokaci ɗaya. Wuri mai sanyi. Ba rana. Ba danshi. A kwance ko a tsaye, amma kada komai ya danne robar. Ba ƙura, musamman ƙura. Har gardama ta so ta ɓarke tsakanin mai ƙaton ciki da wani a kan ko duhu na da amfani.

"Ina ne ya cika duk waɗannan a ginin nan?"

Suka dubi juna, sannan suka dubi naɗaɗɗun tebura biyun da aka tura bango.

In aka naɗe teburin wasa, fuskokinsa biyu tsayawa suke suna kallon juna, da 'yar tazara a tsakani kamar faɗin hannu. Sufeto ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa na farko, bai ga komai ba. Ya leƙa na biyu. Can ƙasa, a kan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, an shimfiɗa farin hankici, an jingina wani abu a kai a tsanake.

Ya zura hannu ya zaro. Zauren ya ɗauki sowa.

Aka kira Hedimasta, ya fito yana jan ƙafa. Ya karɓi bat ɗin ya juya shi, ya sha mur.

"Wannan ba nawa ba ne."

Jan ya yi jawur, baƙin ya yi baƙi ƙirin, kowace fuska an manna mata wata siririyar leda mai sheƙi. Sai dattijon ya kama mariƙin, yatsunsa suka faɗa raminsu.

"Nawa ne," ya ce a hankali. Sannan muryar hedimasta ta dawo. "Wane mara kunyar ne ya wanke mini shi?"

"Saura minti shida," in ji Mai Agogo. Wannan karon muryar ba ta kai ƙarshen zauren ba.

"Sun isa," in ji Sufeto. Ya taɓa ledar da farce. "Wannan ta mece ce?"

"Kariya daga ƙura," in ji Sakatariya. "Duk wanda ya gama wasa yana rufe nasa. Bibbiyu muke da su, ɗaya kowace fuska."

"Banda Hedimasta."

"Banda shi."

"To duk wanda ya buga wasa yau ya kawo jakar bat ɗinsa nan, ya buɗe a kan tebur."

Mutum sha huɗu suka jeru, ana dariya ana tsokanar juna. Zif bayan zif. Kowane bat da ledarsa, hagu da dama, in ban da na Guguwa da ke hannunsa yana jiran wasa, shi ma nasa ledojin suna cikin jaka. Sufeto ya ƙirga, ya duba takardar Sakatariya.

"Sha biyar ne banda Hedimasta. Malam Mai Agogo, an fitar da kai a zagaye na biyu. Ina taka?"

Mai Agogo ya rufe agogonsa. Ya sunkuya ya ɗauko jaka daga ƙarƙashin kujera, baƙar fata ce mai kyau, ya ajiye. Bai buɗe ba, sai da Sufeto ya buɗe da kansa. Bat ɗin na kwance a ciki tsirara, har 'yar ƙura ta fara sauka a kan jan.

Ba wanda ya yi dariya yanzu.

"Ka ce ba ka motsa ba," in ji Sufeto.

"Na motsa."

"Hankicin naka ne?"

"Nawa ne." Ya cire tabarau ya riƙe. "Ɗauka kawai na yi niyyar yi, in ɓoye, minti talatin su wuce, in mayar. Da na zaro shi daga safar nan na ga halin da yake ciki, sai na kasa. Shekara ashirin ina roƙonsa ya bar ni in goge. Na ce to ko sau ɗaya."

"Kai?" in ji Hedimasta. Bai ɗaga murya ba. "Kai da ka san sau nawa na tsaya a teburin nan na koma gida hannu rabbana?"

"Na sani. Ni nake rako ka gida ai."

"To don me?"

Mai Agogo ya yi ta murza tabarau da gefen riga. "Ka tashi gaban mutane ka ce in ka ci za ka tafi. Ko shawara ba ka yi da ni ba. Tun da mai ɗakina ta rasu, ranar Alhamis kaɗai nake rufe shago da wuri, don na san ƙarfe biyar kana nan kana jirana ka cinye ni ka yi mini gori. In ka tafi, in rufe shago in je ina?"

Inna ta ajiye farantinta. Sufeto ya ji tausayin mutumin ya kama shi, abin da ba ya so ya same shi a bakin aiki, sai ya yi gyaran murya ya dubi agogon hannunsa.

"Baba, saura minti biyu. Magana za ta jira, tebur ba zai jira ba."

Hedimasta ya ɓare ledojin ya miƙa wa Sakatariya, ya je ya tsaya a mazauninsa. Sufeto ya zaunar da Mai Agogo a benci, ya zauna kusa da shi, ya ce masa yana hannun hukuma, kada ya motsa.

Bugun farko na Hedimasta ya wuce tebur ya faɗa cikin kofin shayin wani. Na biyu ya tafi wajen Inna. Kafin a ankara Guguwa na da biyar, dattijo ba ko ɗaya, yana ta hararar bat ɗinsa kamar ɗalibin da ya yi masa rashin kunya.

"Ya rufe fuskar bat ɗin kaɗan," Mai Agogo ya yi ƙunƙuni. "Yanzu roba na kamawa. Ya rufe." Sai ya kasa daurewa ya ɗaga murya. "Rufe fuskar, kai kuma!"

Hedimasta bai waigo ba, amma ya karkata hannu. Ƙwallon ta tashi, ta sauka gefen Guguwa, ta yi wata irin kwana ta bar shi yana dukan iska. Shi kansa dattijon sai da ya tsaya ya dubi hannunsa.

Daga nan wasa ya canza. Duk murɗiyar da ya shekara talatin yana yi da wuyan hannu ƙura na cinyewa, yau ta fito fili. Guguwa bai yi sanya ba, ya ci zagayen farko, ya yi gumi sharkaf a na biyu ya rasa. A na uku suka kai tara da tara. Sufeto, wanda ya shigo yana ce wa abin katako, ya tsinci kansa a tsaye, hula a hannu.

Sha ɗaya da tara. Zauren ya kece da ihu, Guguwa ya zagayo ya rungume malaminsa, da alama ya fi kowa samun sauƙi.

Mai Agogo na zaune yana tafi a hankali, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Da hannuna na ba shi," ya ce wa Sufeto. "Da na bar masa dattinsa, da yanzu yana nan har baɗi."

Sufeto ya mayar da hularsa. "Tashi, Malam. An shigar da ƙorafi a littafi, sai ka zo ka rubuta bayani."

Ya kama gwiwar hannunsa suka nufi ƙofa, mutane na buɗa musu hanya. Sun kai bakin titi sai suka ji jan ƙafa a bayansu. Hedimasta ne, kofi a hammata, yana numfashi sama-sama.

"Baba, kai ba sai ka zo ba."

"Ni ne mai kaya, ni zan kuma tsaya masa. Wa yake da shi in ba ni ba?" Ya dubi Mai Agogo sama da ƙasa. "Alkawari na yi wa yarinya, ba zan saɓa ba. Ƙarshen watan nan mota za ta zo ta ɗauke ni."

Mai Agogo ya gyaɗa kai.

"Saura Alhamis uku," in ji Hedimasta. "Sufeto, a yi rubutun nan da sauri. Kada ka ɓata mana ko ɗaya."